Azumin da Aka Saya Mini Likkafani

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar zafi, irin zafin da ke sauka a Kumasi kafin ruwan farko, wanda kwanon rufi ke fara ƙara tun da hantsi. Jikokina suna ta ƙorafi wai ba a taɓa yin azumi mai wuya irin wannan ba. Ni dai dariya nake musu. Ga firji a ɗaki, ga ruwan leda mai sanyi a kowace kwana, ga rijiyar burtsatse a bayan masallaci, amma su ne masu shan wuya. Watan azumi zagayawa yake yi, in ya yi shekara talatin da 'yan kai sai ya dawo inda ya taso. Wannan zafin na san shi, mun taɓa haɗuwa. A cikinsa na yi jinyar mijina, a cikinsa kuma matan gidanmu suka yanke shawarar cewa tare da shi zan tafi.

Lokacin muna zaune a unguwar Aboabo, a gidan haya mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Mijina Salisu direban babbar mota ne, goro yake ɗauka daga Kumasi ya bi hanya, wani lokacin sai ya yi wata ban sa shi a ido ba. Ni kuma koko da ƙosai nake sayarwa a bakin titi da safe. 'Yarmu ɗaya, Sadiya, tana 'yar ƙarama. Daga wata tafiya Salisu ya dawo da tari da gudawa, aka sha jiƙo, aka sha rubutu, aka sha ƙwayoyi, abu ya ƙi. Da muka je asibiti likita ya kira ni ɗaki ni kaɗai ya faɗi sunan ciwon: ƙanjamau. A wancan zamanin babu maganin da ake ba mutum ya miƙe. Aka ce in kai shi gida in kula da shi, shi ke nan.

Ban gaya wa kowa ba. Amma a gidan haya ba sai ka buɗe baki ba, igiyar shanya ce ke ba da labari. Mace ta wanke zanin gado da safe, ta sake wankewa da rana, ta sake da yamma, ga mijinta ƙato ya koma kamar sanda, ai ba sai an buga ƙasa ba. Kafin a ga watan azumi kowa ya sani. Yayata ta zo daga unguwar Atonsu ta ɗauki Sadiya, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ko zauna ba. 'Yan'uwan Salisu suka dinga aiko gaisuwa ta bakin mutane. Masu sayen kokona suka koma wajen wata a can gaba, na ga ina dama abin da ba mai sha, na kife tukunya.

Kada wani ya ɗauka waliyyiya ce ni. Na yi fushi da Salisu, fushi mai tsanani. Akwai ranar da nake goge masa jiki ina jin kamar in jefa masa tsumman a fuska in fita. Sau ɗaya na tambaye shi inda ya ɗebo mana wannan abu, ya juya fuska ga bango ya yi ta kuka, ban sake tambaya ba. Ina fushi da shi, kuma ina sonsa, kuma ba mai wanke shi in ba ni ba.

Muna da al'ada a gidan nan in azumi ya kama. Kowace mace takan kawo geronta a haɗa a babbar tukunya guda a jiƙa. Da hantsi a zuba citta da kanumfari da barkono, 'yan mata su kai nikanika, wato injin niƙa na unguwa. Bayan azahar sai duk mu baje a inuwar bango mu tace, ana hira, ana gulmar maza, ana kukan ƙishi. Mai raba aiki ita ce Hajiya Balaraba, Magajiyar gidan, dattijuwa mai faɗa a ji, wadda kakanninta suka zo da fataucin goro tun ba a yi titin Accra ba. Kuma kullum ni ake ba damun ƙarshe, don sana'ata ce, hannuna ya san kaurinsa.

Ranar farko ta wancan azumin na fito da ƙwaryar gerona, na naɗe hannun riga. Hajiya Balaraba ta tare ni da murmushi.

“Zuwera, bana ki huta, 'yata. Kina da mai jinya. Za a aiko miki naki.”

Na ce, “Hajiya, ai damun ba ya ɗaukar lokaci.”

Ta ce, “Na ce ki huta.”

Na duba matan, kowace ta sami abin kallo a cikin ƙwaryarta. Da magariba aka ajiye mini koko a bakin ƙofa, a cikin tsohon gwangwanin madara. A nan Zongo, unguwannin Hausawa, in an aiko maka abin shan ruwa a kwano, kai ma zuba wani abu kake ka mayar. Gwangwani kuwa ba a mayar da shi, na gane abin da ake nufi.

Kokon bai dame ni kamar ruwa ba. A zafin nan famfo ba ya kawowa sai da asuba, ya yi ɗan tsiyaye ya ɗauke. Tun da yamma ake jera bokitai, kowa ya san gurbinsa. Duk inda na ajiye nawa, da asuba sai in tarar an tura shi ƙarshen layi da ƙafa, can nesa, kada ya taɓa na wani. Kafin a zo kaina famfo ya yi tari ya mutu. Ni kuwa duk gidan ba mai bukatar ruwa kamata. Dole na koma ɗebowa daga wata rijiya can wajen unguwar Oforikrom, baho a ka, rana a tsakiyar kai, bakina da azumi.

Ga yadda yinina yake. In tashi sahur in haɗiye abin da ya samu, sau da yawa ragowar kokon gwangwani da gayan tuwo. In yi salla, in ɗaga Salisu in canza shimfiɗa, in wanke shi da ruwan ɗumi. Bakinsa duk ya yi fari da ƙuraje, haɗiya azaba ce, sai in dama koko tsararo in dinga ɗura masa da cokali, rabi ya shiga rabi ya dawo. Daga nan wanki. Daga wanki rijiya. In dawo in tarar ya sake ɓata shimfiɗa, in sake. Ɗakin ya ɗauki zafi kamar tanda, ga wari, ga ƙudaje, in zauna ina masa fifita har hannu ya sage. In juya shi wannan gefe, in juya shi wancan, don bayansa ya fara yin miki. Da tsummokara suka ƙare na buɗe akwati na fara yaga atamfofin aurena, ɗaya bayan ɗaya, har ya rage mini na jikina da na canji. Duk ɗan abin kirki da ya shigo ɗakin, ƙwai ne ko ɗan kifi, shi nake ba. Ni in lashe cokali.

Hannayena suka tsattsage da sabulu, har ba na iya dunƙule su. Bayana ya riƙe. Zanina ya fara zagaye ni yana neman ƙari. Al'adata ma ta ɗauke don yunwa da wahala, ga shi ita ce ɗan hutun da mace ke samu a azumi, ni ko wannan ban samu ba. To ga inda abin ya ɗaure: duk ramar da na yi saboda aiki, matan gida sai su ce ciwon ne ya fara cina. In na yi tari don hayaƙin murhu, sai in ji tsakar gida ta yi tsit. Suna tsayawa daga nesa su ɗaga murya, “Zuwera, ya mai jiki?” In ce da sauƙi. Mai jiki, mai jiki, kullum mai jiki. Ni ba wanda ya ɗauka ina da jiki.

Mutum ɗaya ce ke shiga ɗakina, Mma Lariba, tsohuwa mai sayar da gawayi a ɗakin ƙarshe. Daga wajen Tamale ta zo, Hausarta a karkace take, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta, yara suna kwaikwayonta suna dariya. Takan shigo da baƙin hannunta ta zauna a bakin gado ta karɓi maficin.

“Zuwera, kai ma ka ci abinci?”

“Mma, ina azumi.”

“Na san ka na azumi. Da dare fa? Ka ci? Karya ka na yi koraa, karya zalla. Mutum ya na jinya, shi ma jinya ya na so.”

Sai in yi dariya in ce ta bar ni, ƙarfina yana nan.

Ƙarfin ya ƙare ne bayan azumi ya raba tsakiya. Ina dawowa daga rijiya da baho a ka, sai na ga titi yana lilo, kunnena ya toshe. Ban san faɗuwata ba. Na farka a ƙarƙashin rumfar wasu matan Asante masu sayar da borodi, ɗaya tana yayyafa mini ruwa tana cewa “Kafra, kafra,” wato sannu. Suka miƙo ruwa na kau da kai, wai ni mai azumi. Biyu daga cikinsu suka riƙo ni har gida, suka shigo da ni tsakar gida daidai lokacin da ake tace gero. Na ga idanun matan. Ba mugunta na gani a ciki ba, tsoro na gani, da kuma irin kallon da ake yi wa wanda an riga an gama da shi.

Bayan kwana kaɗan, da hantsi, Hajiya Balaraba ta kira ni bakin ƙofarta. Matan suna nan a zazzaune. Ta turo mini wani ƙunshi a baƙar leda, ta turo shi da bakin tsintsiya a hankali, kamar ba da gangan ba.

“Zuwera, mun haɗa hannu mun yi muku tanadi. Kowa na Allah ne. Ki ajiye a ɗaki, don in abin ya zo kada a yi ta shige da fice.”

Na tsugunna na kwance. Farin yadi ne sabo, yana ƙamshin kanti. Likkafani. Ban ji komai ba da farko, don na san Salisu tafiya yake, har na buɗe baki zan yi godiya. Sai na ga ƙunshin ya yi kauri da yawa. Na ɗaga na sama, na tarar da wani a ƙasa, an naɗe shi daban. Na warware. Na sha taimakawa wajen wankan gawar mata a unguwa, na san yadda ake yaga na mace: ya fi na namiji yawa, akwai na ɗaura ƙirji, akwai ɗankwali. Ga ɗankwalin nan a hannuna, an yage shi tsaf, daidai kaina.

Na miƙe da ɗankwalin.

“Hajiya, wannan na wace ce?”

Ta ce, “'Yata, ba wanda ya san gawar fari. Tanadi ne kawai. Yadin ma tsada yake ƙarawa.”

“Na ce na wace ce?”

Wata daga baya ta ce a hankali, “Ei, Zuwera, alheri fa aka yi miki.”

Na ce, “Alheri! Ruwa na nema kuka tura bokitina bayan gida. Hannu na nema, ba wadda ta taɓa ɗaga mini mutumin nan in canza masa shimfiɗa, sai tsohuwar da kuke yi wa dariya. Kun ga ina ramewa, ba wadda ta ce, Zuwera kin ci? Amma kun iya zama ku auna tsawona da ido, ku aika kasuwar Kejetia a yanko mini yadi. To na gode. Na karɓa. Nawa ne ko? Ba wadda za ta zo gobe ta ce in mayar?”

Na tattara kayana na shige ɗaki ina kuka, amma ba kukan tausayin kai ba ne, kukan baƙin ciki ne. Salisu ya ji komai, bangon gidan haya ba ya ɓoye magana. Ya ce da muryarsa da ta koma kamar ta yaro, “Zuwera, ni na ja miki.” Na ce, “Kai ka ja, amma ba kai za ka tafi da ni ba.”

Na ɗauki kofi na kamfaci ruwa a randa, na ɗebo ragowar tuwon sahur, na fito na zauna a dokin ƙofata, rana tsaka. Na yi bisimilla da ƙarfi. Wata ta dafe ƙirji ta yi salati. Na ce, “Allahn da Ya wajabta azumi Shi Ya ɗauke wa mara lafiya. Ku kuka ce ba ni da lafiya, har da likkafani. To bari in ci rangwamen da Ya yi mini.” Na sha ruwan nan ina jin saukarsa har cikin hanjina. Mma Lariba tana bakin buhunan gawayinta, ta yi dariya har da buga cinya, ta ce, “Yawwa! Ka ci paa!” wato in ci sosai. Kwanakin da na sha na rama su daga baya, tsakanina da Ubangijina, ba da sanin kowa ba.

Daga ranar na canza tsari. In an sami ƙwai biyu, ɗaya nawa ne, kuma ni ke fara ci kafin in ba shi. Da farko abin yana tsaya mini a wuya, sai in tuna ɗankwalin nan in haɗiye. Na bar Mma Lariba ta riƙa zama da shi da rana in miƙe bayana in yi barci. Da asuba kuwa na ɗauki bokitina na wuce layi gaba ɗaya na dasa shi a ƙarƙashin famfo. Aka fara gunaguni. Na ce, “Ku yi haƙuri, mai mutuwa ce, sauri nake.” Suka ja nasu baya don kada ya taɓa nawa, na cika, na kawo na biyu na cika. Tsoron da ya hana ni ruwa, shi ya ba ni ruwa.

A goman ƙarshe hadari ya haɗo. Tun da rana iska ta tsaya cak, zufa tana bin bayan mutum kamar tururuwa, sararin wajen Oforikrom ya yi baƙi. Can sai iska ta taso ta kwashe ledoji da ganye, ƙofofi suna bugawa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga ruwan isowa. Da ya sauko kuwa, a kan kwano, ba ka jin maganar na kusa da kai. Duk gidan aka fito da bokitai da tukwane da bahuna ana tara ruwan indararo, yara tsirara suna tsalle. Na buɗe taga na juya gadon Salisu don feshin ya taɓa fuskarsa, ya lumshe ido ya buɗe baki. Ni kuma na tsaya a tsakar gida ruwa yana dukana, ban gudu ba. Na cika duk abin da ke ɗakina mai riƙe ruwa. Ina tsaye ina kallon bahuna a cike, a karon farko ruwa ya yi mini yawa, sai dabarar ta zo mini.

A ƙarƙashin gado akwai ragowar huhun goro na tafiyar Salisu ta ƙarshe, ya bushe ya yi ja, ba mai saye. Na jawo shi na kai wa Mma Lariba tare da yadin, na gaya mata abin da nake so. Ta ce:

“Kai, Zuwera, kanka ya na da karfi. Kawo. Mamana ya na rina kaya da goro a gida, na san shi.”

Muka daka goron nan a turmina, ni da ita, taɓarya biyu, a tsakar gida inda kowa ke gani. Muka jiƙa a ruwan sama, muka tafasa da 'yar kanwa, muka tsoma yadin muka fitar, muka sake tsomawa. Hannayenmu suka rine har gwiwar hannu. Na shanya a igiyar gida daga wannan bango zuwa wancan. Ya fito ruwan goro mai duhu, wani wajen ya kama sosai wani wajen ya yi dabbare-dabbare. Ranar ba wadda ta yi shanya. Hajiya Balaraba ta fito alwala ta tsaya ta dube shi, ta koma ɗaki da butarta ba ta yi alwalar ba.

Telolin unguwa ban ma tunkare su ba, na san labari ya riga ni. Na kai wa Maame Akosua, wata mai ɗinki a Oforikrom da ke sayen ƙosaina a da. Ta baje yadin a tebur, ta ga yadda aka yayyaga shi, ta ɗago.

“Ei, me nua, 'yar'uwata, wannan yadi na mene ne? Yagansa ba na riga ba ne.”

Na ce, “Na binne ni ne. Na fasa.”

Ta ce “Awurade!” wato ya Ubangiji, ta riƙe baki. Sai ta jawo tef ɗinta ta ce, “Yoo, to. Ɗaga hannu.” Ta auna ƙuguna, ta yi tsaki don ganin yadda na rame. Na ce ta bar wuri a ɗinkin, don zan ciko. Ta bar wuri sosai.

Ranar Salla na wanke Salisu da sassafe, na sa masa farar rigarsa wadda yanzu za ta ɗauki irinsa biyu, na shafa masa turare. Sannan na yi wanka na sa sabuwar kabata, wato rigar mata irin ta nan, da zani, na ɗaura ɗankwalin nan, na kafa shi gaba yadda 'yan mata ke yi. Na ja kwalli. Ya bi ni da ido daga kan gado. Duk shekara shi ke yi mini kayan Salla, bana bai iya ba, na san abin yana cinsa.

“Wa ya yi miki?”

Na ce, “Matan gida suka sayi yadi, kai ka ba da rini.”

Ya gane. Ya fara dariya, dariya ta koma tari, na riƙe shi har ya lafa. Da ya sami numfashi ya ce, “Ya yi miki kyau. Nawa fa?”

Na ce, “Naka yana akwati, ban taɓa ba.”

Ya ce, “To ki je su gan ki.”

Na fita. Matan gida sun yi layi za su filin Idi, ana ta ƙamshi da ƙyalli. Na shiga tsakiyarsu, suka dare. Na je gaban Hajiya Balaraba na rusuna kamar yadda ake yi wa babba, na ce, “Hajiya, barka da Salla. Ga kayan da kuka yi mini, na ce in nuna miki kafin su tsufa.” Tsohuwar nan da ba a taɓa ganin ta rasa abin faɗa ba, sai hawaye. Ta miƙo hannu, ta tsaya, sannan ta kama gefen ɗankwalin ta gyara mini shi. Rabon da wata a gidan ta taɓa ni, ban da Mma Lariba, tun kafin azumi. Ban ce na yafe ba, ita ma ba ta roƙa ba. Da yamma dai abincin Salla ya zo ɗakina a kwanon tangaran mai murfi, na zuba ƙosai na mayar, aka karɓa.

Salisu ya rasu da damina ta kankama, kansa a cinyata. Aka sa shi a nasa. Na yi takaba, na koma bakin titi da tukunyata, na zauna ina jiran masu saye har suka gaji da tsoro suka dawo, don mai kokon can gaba ba ta iya sa citta ba. Na karɓo 'yata daga Atonsu. Daga baya na je aka gwada jinina, aka sake gwadawa, ba a ga komai ba. Da na gaya wa Mma Lariba ta ce, “To da an gani fa? Ba mutum ba ne kai?” Gaskiyarta. Ko da ina da shi, ba wanda ya ba su izinin auna ni ina numfashi. Hajiya Balaraba ta yi shekaru bayan haka. Ranar da ta rasu ina cikin masu wankanta, ni na ɗaura mata ɗankwali, kuma na ɗaura shi da kyau.

Yanzu zamani ya canza. Akwai wata yarinya a layinmu, Fusena, mijinta yana da ciwon, yana shan ƙwayoyinsa, bara ya kwanta sosai amma ya tashi, har ya koma tuƙa babur ɗinsa. Ba a tura bokitinta ko'ina. Amma shekaranjiya na tsaya a ƙofarsu ina jin masu wucewa, kowa “Fusena, ya mai jiki?” Ita kuwa wuyanta duk ya fito, idonta ya faɗa. Na shiga na ajiye mata kwano, na ce wannan nata ne, ba nasa ba, kuma ba zan tashi ba sai na ga ƙasan kwanon. Ta ce, “Mma Zuwera, ai ni lafiyata lau.” Na ce na san irin wannan lafiyar, ci.

Kabar tana nan a akwatina. Rinin ya koɗe, kuma ta daɗe da daina shigata, wurin da Maame Akosua ta bari ma na cike shi na wuce. Jiya Sadiya tana gyara mini kaya saboda Salla ta ci karo da ita. Ta san labarin. Ta riƙe ta tana shafawa, ta ce cikin zolaya, “Mma, ko in ranar ta zo a farke ɗinkin a sa ki a ciki? Ai dama naki ne.”

Na ce, “Ke, ajiye mini kayana. Wannan na riga na ci Salla da shi. In ranar ta zo ku je Kejetia ku yanko sabo, kuma kada wanda ya kuskura ya saya sai ya tabbata na daina numfashi.”